Sunan da Dela Ba Ta Faɗa Ba

Ruwan da aka fara bayan sallar asuba ranar Litinin ɗin nan, cikin Agustan 1975, bai ɗauke ba sai da hantsi ya ɗaga. Sufeto Falalu na zaune a caji ofis ɗin Kazaure, ya ɗora ƙafafunsa kan wani tsohon akwati saboda ruwan da ya kurɗo ta ƙarƙashin ƙofa, sai Kofur Sunday ya shigo, hularsa na ɗiga.

"Yallaɓai, an aiko daga Tsamiyar Kwari. Ruwa ya ci gida shida. Katanga ta faɗa wa wata tsohuwa, ta rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Sufeto. "To mu mene ne namu a ciki? Ruwan za mu kama?"

"Mutanen gari sun riƙe hediman hanya, sun ce shi ya jawo. Suna ƙofar gidan dagaci. Wanda ya kawo saƙon ya ce in aka daɗe ba za a same shi da rai ba."

Sufeto ya sauke ƙafafunsa cikin ruwan, ya ɗauki sandarsa.

Tsamiyar Kwari ƙauye ne a kan hanyar Roni, a gindin duwatsu. Duk ruwan da ya sauka kan duwatsun nan ta tsakiyar garin yake gangarowa, ya bi wani kwari, ya faɗa ƙorama. Tun kaka da kakanni ba mai gini a cikin kwarin, kuma da an ga hadarin farko sai a yi gayya a share shi. Da kuɗin mai suka zo aka yi sabon titi, aka ɗaga shi sama kamar ganuwa tsakanin gari da ƙorama, aka bar wa ruwa kwalbati guda mai baki biyu. Daga nan gayya ta mutu. Kowa ya ce ai aikin gwamnati ne, tunda ga hedima an ajiye da leburorinsa.

Ko da Landiroba ta tsaya, ruwa na nan kwance a bayan titin, ja wur, har gwiwa. Hediman na zaune a ƙasa a ƙofar gidan dagaci, rigarsa a yage, leɓensa ya kumbura. Peter sunansa, mutumin kudancin Zariya, shekararsa biyu a wannan hanya.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kansa wani mutum ne mai farin kaftani da agogo a hannu. Dagaci ya ce shi ne Malam Muhammadu Lawal, ɗan marigayiya Dela, akawu ne a wata ma'aikata a Kano.

Sufeto ya miƙa masa hannu ya yi masa ta'aziyya. Tafin hannun akawun ya yi kaushi, yatsun duk sun tsattsage. Sufeto ya ji, amma hankalinsa na kan taron, bai tsaya a kai ba.

"Ranka ya daɗe, ga wanda ya kashe mini uwa," in ji Muhammadu Lawal. "Je ka ka ga bakin kwalbatin. Kara, ƙaya, tsumma, duk sun cushe shi. Ana ba shi albashi don ya share, bai share ba."

Sufeto ya dubi Peter. "Yaushe rabonka da kwalbatin?"

"Ranar Juma'a, Yallaɓai. Na duba, lafiya ƙalau."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Shekara goma sha takwas Falalu ya yi yana wannan aiki, tun yana ɗan doka, ya san yadda mai ƙarya yake kallon ƙasa. Ya sa Kofur ya saka Peter a mota, don ya raba shi da taron tukuna.

Kafin a yi wa gawar sutura ya nemi izini ya shiga. Wata maƙwabciya, Fatu, ita ke zaune a gefenta. Ta ce da ruwa ya taso kowa ya gudu kan dutse, Dela ma ta fito, sai ta tuna awakinta biyu na ɗaure a turke. Ta koma ta kwance su. Awakin sun fita, ita katanga ta riske ta.

Fatu ta ɗaga mayafi daga fuskar.

Sufeto ya san fuskar nan, da tsagen da ke kuncinta, da giɓin haƙorin gaba. Ya yi addu'a, ya ba da izinin jana'iza, ya fito da sauri kamar ana jiransa a waje.

A ofis, ba a ma gama yi wa Peter tambaya ta biyu ba ya fashe da kuka.

"Ƙarya na yi, Yallaɓai. Kwanana goma sha biyu ban je ba. Matata Rhoda ce ta haihu da ƙyar, tana asibiti, ba mai kula da ita sai ni. Leburorin kuma da suka ga ba na nan, kowa ya tafi gonarsa. Ni na kashe tsohuwar nan. Rubuta in sa hannu."

Kofur Sunday har ya zaro takarda. Magana ta ƙare ke nan: sakaci da aiki har ya jawo asarar rai. Gobe a kai shi kotu, ya kwashi shekarunsa a kurkuku, jaririn ya yi wayo bai san ubansa ba, mutanen Tsamiyar Kwari su huce. Wallahi da wani sufeton ne da tuni ya buga hatimi ya tafi cin tuwo. Falalu ma hannunsa ya kai kan alƙalami.

"Ajiye takardar," ya ce. "Miƙo mini littafin ƙorafi."

Ya buɗe ranar Larabar da ta wuce. Ga shi nan da rubutun hannunsa: Dela, Tsamiyar Kwari. Ta ce za a toshe hanyar ruwa. A gurbin sunan wanda ake ƙara ba komai, sai wani ɗan layi da ya ja. A ƙasa ya rubuta: ta ƙi faɗin suna, an tura ta wajen dagaci.

Ya tuna yadda aka yi sarai. Ta shigo ta tsuguna a bakin ƙofa, ta ƙi zama a benci.

"Ɗan nan, ba kamu nake so a yi ba," ta ce. "Ɗan sanda ɗaya za ka ba ni, ya je ya tsaya a bakin kwalbati ya tsawatar. Kaki kaɗai yake jin tsoro."

"Shi wa, Iya?"

"Shi wancan ɗin."

"Wancan wa? Ba shi da suna?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Sau uku yana tambaya. A lokacin ana jiransa a gidan wani babba inda aka saci rediyo, yana ta duba agogo. Ya yi dariya ya ce, "Iya, mu nan da suna muke aiki. In kin tuno ki dawo, ko ki je wajen dagaci." Ta miƙe, ta yi masa godiya ma, ta tafi.

Rediyon an same shi a ranar. Sufeto ya rufe littafin, kunya da baƙin ciki suka cika shi, har ya kasa kallon Kofur.

"Tsohuwar ta zo nan kwana biyar kafin ruwan," ya ce. "Ta ce za a toshe. Ba ta ce ya toshe ba. Kara da ƙaya ba sa yin shawara kafin su toshe kwalbati."

Washegari da safe suka koma da leburori huɗu da fitilar hannu. Ruwan ya ɗan ja. Aka yi ta jan kara da rassa da taɓo daga bakin kwalbatin har aka tara tsibi. Kofur Sunday ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya rarrafa ciki yana gunaguni. Can sai muryarsa ta fito.

"Yallaɓai, akwai gini a nan."

Sufeto ya rarrafa shi ma. Kamar taku huɗu daga bakin, inda ba mai gani daga waje, an jera bulo da siminti. Baki ɗaya an rufe shi ruf. Ɗayan an kai ginin rabi, aka bar ɗan sarari a sama, sharar da ruwa ya kwaso ta zo ta ƙarasa aikin. Ya haska fitila a kan jerin. Kowane bulo an ɗora shi daidai kan na ƙasansa, gaɓa kan gaɓa, simintin an shafa shi da hannu, ga sawun yatsu nan. Kowane bulo kuma kusurwarsa ɗaya a dakushe take.

Suka fito ta ɗaya gefen titin. A nan, a tsakiyar kwarin da ke kai ruwa ƙorama, wani sabon gidan bulo ne tsaye, ɗaki biyu da baranda, an kai linta ba a yi rufi ba. An lulluɓe daɓen da tabarmi da tsofaffin kwanon rufi. Sufeto ya ɗaga tabarma ɗaya da sandarsa. Siminti sumul, ko tsinke ruwan dutse bai ajiye a kai ba.

Maginin na gefe yana wanke cokalinsa. Dattijo ne, kowa a garin Kawu Ma'u yake ce masa.

"Sannu da aiki, Kawu. Bulon da ke cikin kwalbatin can na wane ne?"

"Wane bulo, ranka ya daɗe? Ni ban san da wani bulo ba."

Sufeto ya ɗauki guda daga tarin da ke gefen ginin, ya juya shi, ya nuna dakusasshiyar kusurwar.

"Injin buga bulonka ya lotsa a nan. Duk ƙasar Kazaure in na nemi irinsa sai wajenka. In kai ka yi ginin can, faɗa mini yanzu."

Dattijon ya jefar da cokalin. Zargin kisa bai ɓata masa rai ba kamar zargin ginin.

"Ni? Shekara arba'in ina gini, in ɗora gaɓa kan gaɓa? Ko a makance ba zan yi wannan ƙazantar ba. Kuma mu magina ba ma tare wa ruwa hanya, ubana bai yi ba, ni ma ba zan fara ba. Gidan nan ma sai da na ce a matsa da shi tudu, aka ce filin nan ne a bakin titi, nan mota za ta riƙa tsayawa."

"Gidan wane ne?"

"Na Malam Muhammadu Lawal. Uwarsa yake gina wa."

"An nemi ka toshe kwalbatin?"

"An nema. Na ƙi."

"Wa ya nema?"

Kawu Ma'u ya dubi wajen gari, inda ake zaman makoki. Idonsa ya ciko.

"Ka yi mini rai, ranka ya daɗe. Jiya da hannuna na haƙa mata kabari. Na ƙi yi, amma ban faɗa wa dagaci ba, na ce ba ruwana. Wannan kaɗai ya ishe ni."

A gidan makokin Sufeto ya nemi a kira masa Saude, matar Muhammadu Lawal. Ta tsaya a bayan zana, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ta zo daga Kano ranar Juma'a da yamma, maigidan ya riga ta zuwa da mako guda. Ta ce ranar Asabar, da gari ya watse aka tafi kasuwa, maigidan zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ƙofar gida bai leƙa ba.

"Wane magani ya sha?"

"Na manta."

"Zazzaɓin ne ya tsattsaga masa hannu?"

Sai Sufeto ya ji tafiyarta tana komawa ciki.

Fatu ya samu a kangon gidan Dela, tana tsince kwanuka daga cikin taɓo. Awakin biyu na ɗaure a jikin wata bishiya suna cin harawa.

"Baba Fatu, kin san Dela ta je ofishina ranar Laraba?"

"Ni na raka ta. Ina waje a gindin darbejiya."

"Na tambaye ta suna har sau uku. Me ya hana ta faɗa? Tsoronsa take ji?"

Fatu ta miƙe, ta dube shi sama da ƙasa, kallon da tsofaffi ke yi wa wanda boko ya ɓata.

"Haba Yallaɓai. Kai ba a ƙasar nan aka haife ka ba? Wace uwa ce ke kama sunan ɗanta na fari? Shekara talatin da bakwai ina katanga ɗaya da Dela, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Wancan, shi ke nan. Ko magana ba ta yi masa kai tsaye, sai ta aike ni. Sau biyu ina kai masa saƙonta a kan kwalbatin nan, yana cewa mu tsofaffi ba mu san siminti ba. Da muka fito daga wajenka ta ce mini, ai ya gane, kunyata ya ji shi ya sa bai matsa ba, zai aiko."

Sufeto ya nemi wuri ya zauna kan wani turmi da ya kife.

Shi ma ɗan fari ne. Mahaifiyarsa tana nan da rai a Gwiwa, kuma har yau in ya je gaishe ta sai ta kau da kai ta ce wa ƙannensa, ku kawo wa wancan ruwa. Kalmar da ya tashi da ita ke nan a kunne. Tsohuwa ta tako tun daga Tsamiyar Kwari ta faɗa masa ko wane ne, ta hanyar da za ta iya, shi kuwa yana duba agogo saboda rediyon wani. Ta koma gida tana jiran ɗan sandan da ba a aiko ba.

"Allah ya yafe mana," ya ce.

"Amin," in ji Fatu. "Ni ma da na buɗe baki na faɗa maka daga waje. Na ga ba hurumina ba ne."

Bai kama shi a gaban masu ta'aziyya ba. Ya raɗa wa dagaci, aka kira Muhammadu Lawal gefe, suka taka tare har bakin kwalbatin, Kofur Sunday na biye. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

"Malam, leƙa ciki."

"Me zan gani, ranka ya daɗe? Ai na faɗa maka, sakacin hediman ne."

"Buɗe hannuwanka."

Ya ɓoye su cikin aljihun kaftani.

"Akawu ne kai, alƙalami ne aikinka. Siminti yana cin hannun wanda bai saba ba, balle wanda ya shafa shi ba cokali. Sawun yatsunka na can a jikin ginin. In ka ce in sa a fito da bulon mu gwada, sai mu gwada." Sufeto ya sassauta murya. "Ta zo wajena ranar Laraba. Ta roƙe ni kada a kama ka, a tsawatar maka kawai."

Muhammadu Lawal ya ɗago kai. "Ta faɗi sunana?"

"Ba ta faɗa ba."

Akawun ya durƙushe cikin taɓon da farin kaftaninsa.

"Kwana uku kawai nake so," ya ce. "Ranar Juma'a aka zuba daɓen. Kawu ya ce in ruwan dutse ya bi ta kai kafin ya kama, ya lalace. Na ce in tare shi kwana uku, Talata in rushe. Na ɗauka zai taru a bayan titi ya tsaya, na bar masa ma ɗan sarari. Tunda aka haife ni a ɗakin ƙasa take, kowace damina tana tara kwanuka tana tarar yoyo. So nake ta kwana a ɗakin siminti ko sau ɗaya. Ta aiko Fatu ta ce ba za ta zauna a hanyar ruwa ba, na ce in ta ga an gama za ta sauya magana."

"Peter fa?"

"Da na ga an ciro ta, na rasa inda zan sa kaina. Wani ya ce ina hedima, sai na kama. Ina ihu a kansa ne don kada in ji abin da ke cikina." Ya kife fuska a tafin hannuwan nan. "Ni na kashe Inna. Ni ne."

An fara yayyafi. Sufeto ya dubi sama, ya dubi garin da ke bayan titi, ya karɓi guduma daga hannun lebura ya miƙa masa.

"Talata ce yau. Shiga ka rushe."

Muhammadu Lawal ya rarrafa ciki. Suna jin bugun gudumar da kukansa tare. Kofur ya ɗauki bulo biyu masu sawun yatsu ya sa a mota don kotu. Da jerin ƙarshe ya faɗi, ruwan da ya kwana a bayan titi ya yunƙuro, ya fita ta baki biyun, ya bi kwarinsa. Ya shiga sabon gidan ta ƙofar baranda, ya ɗaga tabarmin, ya fita ta baya zuwa ƙorama. Mutanen gari sun fito kan titi suna kallo. Dagaci ya ce, a hankali, jibi kowa ya fito da fartanya, za a share kwarin kamar da.

Kofur ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza kai. Muhammadu Lawal ya hau bayan Landiroba da kansa, jiƙe sharkaf, ya zauna kusa da bulon.

Da la'asar aka buɗe wa Peter. Sufeto ya ce masa maganar kwana goma sha biyun tana nan, zai amsa ta a gaban shugabanninsa, amma ba shi ya kashe kowa ba, ko da ya share bakin kwalbatin ranar Juma'a, ginin ranar Asabar aka yi shi. Peter ya tsaya kamar bai ji ba, sannan ya fita da gudu ya nufi asibiti, takalminsa a hannu.

Sufeto ya jawo littafin ƙorafi ya buɗe ranar Laraba. A kan ɗan layin nan da ya ja, ya rubuta Muhammadu Lawal, ɗanta na fari. Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya soke inda ya ce ta ƙi faɗin suna, ya rubuta a ƙasa: ta faɗa, mai karɓar ƙorafi ne bai saurara ba. Ya sa hannu da cikakken sunansa da lambarsa.